Ɗan Adam Ba Dankali Ba Ne

 

Yau maganar da nake tafe da ita ta haihuwa ce, da irin surutan da ake ta yaɗawa a wayoyi da majalisun samari cewa wai nan gaba kaɗan ɗan Adam zai daina buƙatar uwa da uba kafin a haife shi, wai za a riƙa kwafar mutum daga tsokar jikinsa, ko a zauna gaban likita a zaɓi tsawon yaro da launin fatarsa da kaifin ƙwaƙwalwarsa kamar mai zaɓen shadda a kanti. Wasu daga cikin abokanmu da suka yi karatu mai zurfi suna faɗin wannan magana da murmushi, suna cewa ci gaba ne, wanda duk ya ƙi kuwa baƙauye ne. Ni karatuna sakandare ya tsaya, amma na tashi a gidan fataucin dankali, kuma ina ganin buhun dankali ya ishe ni hujjar da zan ce musu ba su yi tunani ba.

Duk wanda ya san Bokkos da Mangu da Barikin Ladi ya san dankalin turawa shi ne arzikin wurin, daga can ake lodinsa a kasuwar Maikatako zuwa Farin Gada a nan Jos, daga nan ya wuce Kano da Legas, har ya tsallaka iyaka zuwa Maraɗi da Yamai, wajen danginmu. To mai karatu, ka taɓa tambayar kanka da me ake shuka shi? Manomi ba ya jiran fure ya yi 'ya'ya. Dankalin bara yake warewa, ya ajiye shi har idanunsa su tsiro, ya binne. Abin da zai fito babu uba a cikinsa, babu gauraye, shi ne dai wancan na bara ya sake dawowa. Haka ake yi da itacen rogo, da gaɓar rake, da 'ya'yan gindin ayaba, da yaɗon dankalin Hausa. Har mangwaron da muke cewa mai aure, reshen uwa ɗaya ake ɗaurawa a kan wani gindi, sunan aure kawai ya ci. Ashe ke nan haihuwa ba tare da namiji da mace ba, wadda ake ta yi mana burga da ita, tsohuwar sana'a ce a gonakinmu.

Ɗan kasuwa yana son wannan hanya, kuma ba zan ɓoye dalili ba. Idan ka sayi buhun Marabel ko Nicola ka san abin da ke ciki tun daga baki har gindi: girma ɗaya, launi ɗaya, ɗanɗano ɗaya. Mai saye ba ya gardama, ciniki yana sauri. Amma tambayi manomin abin da yake biya. Duk cutar da ta kama uwar dankali tana bin 'ya'yanta, shekara bayan shekara iri yana gajiya, amfani yana raguwa, har sai ya nemo sabon iri mai tsabta da kuɗinsa. Mafi muni kuma, tunda gonar duk jini ɗaya ce, ciwon da ya iya kayar da tushe ɗaya ya iya kayar da dukansu. Mun gani da idonmu a daminar 2022, lokacin da cutar nan mai ƙone ganye ta ruɓar da dankali ta bi gonakin Filato. Mutum ya kwana da gona kore shar, cikin 'yan kwanaki ta koma baƙa tana wari. Masu bashin taki suka rasa inda za su sa kansu, mu ma da ke jiran kaya a kasuwa muka ji a jikinmu.

Wannan cuta tana da tarihi. Ita ce ta shiga ƙasar Ayilan a 1845, inda talakawa suka dogara kacokan kan dankali, mafi yawansa iri guda. Cikin 'yan shekaru kusan mutum miliyan 1 suka mutu da yunwa da cututtukan da ke biyo ta, wasu fiye da miliyan 1 suka yi hijira, ga kuma mulkin Ingila da ya bari ana fitar da abinci daga ƙasar alhali mutane na faɗuwa. Haka ta faru da ayaba: irin da duniya ke ci kafin shekarun 1950 wata cutar ƙasa ta share gonakinsa a yankin Amurka ta Tsakiya, aka koma wani iri guda, shi ma yanzu wani sabon nau'in cutar yana binsa ƙasa ƙasa. Amma ka je tsaunukan Peru, asalin gidan dankali, manoma na da iri dubbai, ja da baƙi da rawaya, mai tsawo da dunƙulalle. Idan ciwo ya ci wannan sai ya bar wancan.

To a nan hikimar take. Kowane ɗayanmu ya karɓi ƙunshin gado 23 daga uwa, 23 daga uba, kuma kafin a miƙa su sai an cakuɗa su kamar yadda mai hatsi ke juya masaki. Shi ya sa 'yan ɗaki ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, wani dogo wani gajere, annoba ta shigo gida ta kwantar da wani ta tsallake wani. Wannan bambancin da ke hana mu zama kamar buhun Marabel shi ne garkuwarmu. Wanda ya ce zai inganta ɗan Adam ta hanyar rage bambancinsa, ya zo ya yi wa manomin Bokkos wannan bayani tukuna.

Yanzu bari mu duba kayan da ake tallata mana, domin ɗan kasuwa ba ya sayen buhu sai ya sa an zazzage. A watan Yuli na 1996 aka haifi tunkiyar nan Doli a cibiyar Roslin da ke Sikotilan, daga ƙwayar hantsar wata tunkiya, babu rago. Duniya ta ɗauka. Abin da masu burga ba sa faɗa shi ne ƙwai 277 aka gwada, 29 suka kai a dasa su a mahaifa, guda ɗaya tak ta rayu, ita ma aka kashe ta a 2003 tana da shekara 6 saboda ciwon huhu. A 2018 masana a Shanghai ta ƙasar Sin suka sanar da kwafar birai biyu ta wannan hanya, bayan asarar ƙwai da ciki masu yawa. A 2023 wani masani ɗan Japan, Katsuhiko Hayashi, ya ba da labarin ɓeraye da aka samu daga maza biyu: cikin 630 da aka dasa, 7 suka zo duniya. Ilimi ne mai ban mamaki, ban musa ba. Amma mu a kasuwa idan an zazzage buhu, ruɓaɓɓe gefe ake turawa a zubar. Idan aka zo kan mutum, wa zai zama ruɓaɓɓen? Mata nawa za su ɗauki cikin gwaji? Yaron da ya fito da nakasar da hannun likita ya jawo, bola za a kai shi ko kuwa kamfani za a mayar wa?

Ga kuma 'yan damfara, waɗanda ba a raba su da kowace kasuwa mai zafi. A ƙarshen 2002 wani kamfani mai suna Clonaid ya shelanta cewa ya kwafi jaririya, har yau bai nuna ta ba. A Koriya ta Kudu, Farfesa Hwang Woo-suk ya zama gwarzon ƙasa a 2004 da 2005 kan iƙirarin kwafar ɗan tayin mutum, daga baya bincike ya nuna sakamakon ƙirƙira ne. Wanda ya aikata da gaske kuwa shi ne He Jiankui na ƙasar Sin, wanda a 2018 ya sanar cewa ya taɓa ƙwayoyin gadon wasu tagwaye mata tun suna 'yan tayi, wai don kada ƙanjamau ya kama su. Masana 'yan'uwansa ne suka fara yin tir da shi, kotu ta ɗaure shi shekara 3 a 2019. Yaran nan ba su da wani ciwo da ake ceton su daga gare shi, akwai hanyoyi sanannu na kare jariri daga ƙanjamau, kuma gyaran ma bai fita yadda ya nufa ba. Duk abin da ya canza a jikinsu zai iya bin 'ya'yansu da jikokinsu, waɗanda babu wanda ya nemi izininsu.

A ce ma wata rana hannu ya ƙware, babu kuskure ko ɗaya. Tambayata tana nan: wa zai yanke hukuncin wane iri ne mai kyau? Ni na san amsa, domin na ga yadda iri ke ɓacewa a kasuwa. Abin da mai saye ke so shi ake shukawa, sauran su mutu. Ku dubi kanmu da gaskiya, jama'a. Mu ne muke sayen man shafawa na canza fata har ya ƙone fuskokin 'yan'uwanmu mata. Mu ne mace za ta haifi 'ya'ya mata huɗu a jere dangin miji su fara gunaguni. A Indiya da Sin, na'urar duba ciki kawai aka samu, ba a ma kai ga gyaran halitta ba, sai ga miliyoyin 'ya'ya mata sun ɓace tun daga ciki, har gwamnatocin ƙasashen suka hana likita faɗin jinsin ɗan tayi don zaɓe. Idan aka ba mu takardar zaɓe a hannu, kowa fari dogo namiji zai cika. Kuma mai kuɗi ne zai fara zaɓa. Yau bambancin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka a makaranta yake da asibiti, wanda ƙoƙari da sa'a kan iya cikewa. Ranar da aka rubuta shi cikin jini, da me za a goge?

Abin da muke kira aibi ma ba kullum muka san sirrinsa ba. Ɗauki jinin AS. Tun 1954 wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu ɗauke da rabin gadon sikila sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai kisa, shi ya sa gadon ya yawaita a ƙasashenmu na sauro. Guda biyu ciwo ne mai tsanani, guda ɗaya kuwa laya ce da ta ceci kakanninmu. Irin wannan nawa ne ke cikin jikinmu da ba a gano ba tukuna? Wanda bai san gari ba, ba ya rushe katanga.

Sannan ga nasaba, wadda rayuwarmu duka a kanta take. Wanda aka kwafa daga jikin Malam wane, ɗansa ne ko tagwayensa da ya makara? Matar da ta ɗauki cikinsa uwarsa ce, ko kuwa uwar shi Malam ɗin ce uwarsa? Kason wa zai ci a gado, wa zai aura, wa ya haramta gare shi? Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1997 ta haramta kwafar mutum, Cocin Katolika ma ya daɗe da ƙin abin. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a nan Nijeriya ta hana kwafar ɗan Adam da wasa da ƙwayoyin gadon ɗan tayi, da hukuncin ɗauri. A garin da Musulmi da Kirista suka sha wahalar juna kamar Jos, samun abin da liman da fasto da doka suka haɗu a kai ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai kada masu cewa komai makircin Turawa ne su yi saurin tafa mini, domin da ku ma ina da magana, kuma taku ta fi zafi tunda ku ne kuka fi yawa a cikinmu. Na san inda tsoron ya samo asali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kusan 200 a Kano, 11 daga cikin yaran gwajin suka rasu, shari'a ta yi ta jan ƙafa har zuwa sulhun 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ku tuna abin da gudun ya jawo a 2003, da aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa: cutar ta sake bazuwa, ta fita har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yaran da suka shanye kuwa namu ne, muna ganinsu a kan titi har gobe. Ƙin bincike da haɗiye komai ba tare da bincike ba, duka lalaci ne.

Akwai iyaka bayyananna tsakanin yi wa mara lafiya magani da sake fasalin zuriyar da ba ta zo ba. Tun da aka haifi Louise Brown a Ingila a 1978, miliyoyin ma'aurata sun samu haihuwa ta hanyar haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a waje a mayar cikin mahaifarta. A Abuja ma an haifi irin wannan jaririya a 1998 a hannun Dakta Ibrahim Wada. Uwa tana nan, uba yana nan, cakuɗawar gado tana nan, malamai da yawa sun halatta matuƙar tsakanin miji da matarsa ne. Matar da ta shekara goma tana shan gorin kishiya da uwar miji, wa ya isa ya ce mata wannan haram ne don kawai a kwalba aka fara? Haka a ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da maganin sikila mai suna Casgevy: a ɗebi ƙwayoyin ɓargon mara lafiya, a gyara su ta yadda za su koma yin irin jinin da jariri ke yi a ciki, a mayar masa. Gyaran a jikinsa ya tsaya, ba ya bin 'ya'yansa. Wannan ni ina masa fatan alheri. Ko dankalin da aka fara gwadawa a killatattun gonaki a Kuru da Bokkos a 2022, wanda aka sa masa ƙwayoyin gado daga dankalin daji don ya jure cutar ƙonewar ganye, ban ce a ƙone shi ba. Na ce a gwada a fili, a faɗa wa manomi gaskiyar abin da ke hannunsa, a bar masa tsoffin irinsa kada a mayar da Filato gona mai jini ɗaya. Dankali in ya ɓaci a tuge shi a sake shuka. Mutum fa?

To amma nawa ne kuɗin Casgevy ɗin? Dala miliyan 2.2 a Amurka, wato sama da naira biliyan 3 a canjin ƙarshen 2024, na mutum ɗaya. Ko dashen ɓargo da aka fara yi wa mai sikila a asibitin koyarwa na Benin a 2011 ya fi ƙarfin mafi yawanmu. Alhali Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen wannan ciwo: ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da shi kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS. Da yawa daga cikin yaran nan ba sa kai shekara biyar. Babu unguwa a Jos, daga Gangare zuwa Unguwar Rogo zuwa Rikkos, da ba za ka samu gidan da uwa ke kwana zaune tana danna ƙafar yaro yana ihu ba, musamman da sanyin Disamba irin namu na nan, wanda ke tayar da ciwon. A unguwarmu akwai gidan da suka binne uku, har yanzu wasu tsofaffi cewa suke yi iska ce ko mayu.

Ga inda haushina yake. Muna zaune muna musu kan ɓeran Japan da jariran Sin, alhali ilimin gado da ya shafe mu, wanda kuɗinsa bai kai na atamfa ɗaya a cikin lefe ba, mun ƙi shi. Gwajin jini ne kawai kafin aure. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. A lura, kowane ciki daban. Wasu suna ɗauka in an haifi mai ciwo ɗaya to ukun da ke biye sun tsira, ba haka lissafin yake ba, ana iya jera su. Mu kuma ga auren zumunci, ɗan wa da 'yar ƙani, wanda ke ƙara haɗa gado iri ɗaya wuri guda. Ka ce a yi gwaji, sai a ce ba ka yarda da ƙaddara ba. Mutumin da ke faɗin haka shi ne ba zai sayi buhun dankali ba sai an kwance masa baki ya tura hannu har ƙasa, shi ne ke kulle shagonsa da kwaɗo uku. A kan kaya ya san sababi, a kan 'yarsa ne ya tuna da tawakkali.

Coci-coci da dama sun daɗe ba sa ɗaura aure sai an kawo takardar gwaji. Jihar Kano ta sa hannu kan dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, har da na sikila. Mu a nan me muke jira? Kirana ga limamanmu na Jos, na Izala wadda a garin nan aka kafa ta a 1978, da na ɗariƙu, da Jama'atu Nasril Islam: ku sa wannan magana a huɗuba, ku nemi takarda kafin fatiha. Iyaye ku sa a yi gwajin tun yara suna makaranta, kafin soyayya ta yi nisa har a fara kuka da neman takardar bogi, kuma a yi shi a wuri biyu mabambanta don kauce wa kuskure. Samari 'yan'uwana, ku san jininku kafin ku fara zuwa zance. Waɗanda aka riga aka haifa da ciwon kuma a daina kiransu da sunayen banza: gidan sauro, rigakafi, ruwan sha da yawa, suturar sanyi, da magunguna irin su hydroxyurea a ƙarƙashin kulawar likita suna ba su tsawon rai da sauƙi, wasunsu likitoci ne da lauyoyi a yau.

Wani zai ce ai hana AS auren AS ma zaɓen iri ne, me ya raba shi da abin da nake suka? Abin da ya raba su a fili yake. Mai AS ya auri AA ya haihu lafiya, gadonsa ya ci gaba da yawo cikin jama'a da amfaninsa, ba a taɓa halittar kowa ba, ba a zubar da kowa ba, ba a ce wannan mutum ya fi wancan daraja ba. Baligai biyu ne suka san gaskiya suka yanke shawara kan rayuwarsu. Wancan kuwa ɗaukar alƙalami ne a yi rubutu a jikin wanda bai zo ba, bisa son ran mai biyan kuɗi.

Saboda haka matsayina ke nan, wanda ya ga akasi ƙofa a buɗe take, ya rubuto da hujjarsa. A yi wa mara lafiya magani da duk ilimin da Allah ya hore, a taimaki ma'auratan da ke neman haihuwa, a yi gwaji kafin aure. Amma kwafar mutum da zaɓen siffar 'ya'ya, ko da ranar ta zo ana yinsa a arha a bakin Terminus, mu ce ba mu saya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu nema zuriya mai albarka, ya zaunar mana da Filato lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah ya kai mu.

Wassalam. Naku, daga Jos.